Babagana Zai Kai Hajja Masar

A unguwar Moduganari ta Maiduguri, in za ka yi tafiya, ko da Damaturu ce, to ka haɗa kayanka a ɓoye. Muddin Babagana mai jakunkuna ya ji labari, ka shiga uku. Zai rufe shago ya biyo ka har gida, ya baje a tabarmarka, ya shanye shayinka, sannan ya koya maka yadda ake hawa jirgin ƙasa a Jamus.

Jakunkunan gwanjo yake sayarwa, irin masu taya ɗin nan da suka gama yawon duniya suka zo Maiduguri su ƙarasa mutuwa. Wasu na isowa da 'yar takardar jirgi maƙale a hannunsu, kuma daga nan yake samo sunayen garuruwa. In jaka ta fito daga Istanbul, to makon nan a Istanbul ya taɓa kwana. In daga Jidda take, ai shi ya nuna wa wani Balarabe hanyar gidansu a Jidda.

Gaskiyar magana kuwa gajeriya ce. Tun yana saurayi ya raka wani direba Gamboru, ya hau gadar da ta raba mu da Kamaru, ya miƙa ƙafar dama ta ƙetare tsakiya. Wani jandarma ya yi tari. Babagana ya janyo ƙafarsa ya dawo gida. Ƙafar hagu dai har yau ba ta taɓa barin Najeriya ba. Matarsa Binta ta san haka, shi ma ya san ta sani, shi ya sa ba ya ba da labarin Jamus in tana kusa. Fasfo kuwa, cewa yake ya cika taf da hatimi, ambaliyar da aka yi ta tafi da shi.

Sai ga dama ta faɗo. Hajja Yagana, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta tsufa tana haɗa humra da turaren wuta, ɗanta Mikail da ke aiki a Abuja ya ce ya isa haka, ta je Masar ta buɗe ido. Ta ga dala, ta ga kogi, ta shiga kasuwar turare ta shaƙa son ranta. Kujera biyu ya tanada, ɗaya tata, ɗaya ta wanda zai raka ta, tunda shi ba zai samu hutu ba. Sunan ɗan rakiya kawai yake jira ya fara neman takardu.

Babagana da jin haka ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Sau ɗaya tak yake so ya ga gajimare ta ƙarƙashinsa. In ya je ya dawo, duk ƙaryar da ya shekara yana yi ta wanku, ba mai iya tantance wadda aka yi kafin jirgi da wadda aka yi bayansa. Ya sa babbar riga ya nufi gidan Hajja. Ya same ta gaban kasko tana juya itacen turare, maƙwabciyarta Agnes tela na zaune tana ɗinke mata bakin mayafi.

"Hajja, na ji abin arziki. To ki kwantar da hankalinki. Alƙahira ai kamar tafin hannuna take."

"Buɗe tafin mu gani," in ji Agnes.

Bai kula ta ba. "Abin da ke kashe baƙo a ƙasar waje, Hajja, rashin sanin doka ne. Ba dokar gwamnati ba, dokar titi. Yadda za ki hau mota, yadda za ki taka, inda za ki ajiye idonki. Ni ba zan yarda ki je haka kawai ba. Gobe za mu yi atisaye. Mu ɗauka Maiduguri ce Alƙahira. In ɗauke ki daga ƙofar gidan nan in kai ki Kasuwar Monday, in dawo da ke, duk bisa tsarin ƙasar waje."

Hajja ta ɗebi turare kaɗan ta zuba a garwashi, ta jira hayaƙi ya tashi, ta sunsuna.

"Ni ban taɓa sayen turare daga bakin mai shi ba, sai na ɗora a wuta," ta ce. "Kai ɗan yayana ne, kai ya fi dacewa ka raka ni. Ka kai ni ka dawo da ni gobe, kujera taka ce. In ka kasa, kada ka ƙara yi mini maganar."

"Kasa? Ni?"

"Ni ma zan zo," in ji Agnes. "Ban taɓa zuwa Masar da ƙafa ba."

Binta ma ta ce za ta bi su, wai ko don ta riƙe wa Hajja jaka. A ranta kuwa ta san wanda za a riƙe.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla ne, zafi ya kai inda ƙadangare ke taka ƙasa yana ɗaga ƙafa. Da hantsi matan suka taru a ƙofar gidan Hajja. Can sai ga wani abu ya ɓullo daga lungu, baƙi ƙirin, yana tafiya kamar an ɗaure buhun gawayi da igiya. Babagana ne cikin wata doguwar kwat mai gashi a wuya, wadda ya tsinta a cikin wata jaka daga Rasha. Ya naɗe wuya da rawanin ulu, ya toshe ido da baƙin gilashi.

"Innalillahi! Malam, masassara ce?" in ji Binta.

"Babbar doka ita ce, kada ka yi kama da baƙo. Haka 'yan ƙasa ke shiga."

"A Masar? Ba hamada ba ce?" in ji Agnes.

"Hamadarsu mai sanyi ce. Ku kawo wayoyinku."

"Wayoyinmu kuma?"

"Babbar doka ita ce, ba a fito da waya a titi. Kafin ki ce alo, ta kai wata ƙasa."

"Ɗazu ka ce babbar doka kwat ce."

"Duk manya ne, Agnes. A waje babu ƙaramar doka."

Ya karɓe wayoyin duka, ya shiga zaure. Ya shimfiɗa tsohon zanin Binta, ya jera su tare da caja, da tocilan, da ƙullin kilishi, da kwalbar yaji, da 'yar butar roba, domin a cewarsa a waje ba a samun buta. Ya naɗe ya ɗaure a cikinsa tamau, ya ja kwat ya rufe. Da ya fito, cikin ya yi tudu gaba, ga wutsiyar caja na lilo ta ƙasan kwat. Agnes ta dube shi sama da ƙasa, ta kira shi da sunan 'yarsa yadda ta saba.

"Allah ya sauke ka lafiya, Baban Rumaisa'u. Namiji muke fata."

Suka fita bakin titi. Keke Napep ya tsaya a gabansu babu kowa a ciki. Binta ta ɗaga ƙafa za ta shiga, Babagana ya janyo ta.

"Ba a shiga na farko. Na farko ɗan leƙen asiri ne."

Na biyun da ya zo, ya ce ya cika fara'a. Wanda ya biyo baya, ya ce bai yi fara'a ba sam, akwai abin da yake ɓoyewa. Suna nan tsaye rana na dukansu, har Hajja ta ce in wani ya ƙara wucewa ita za ta koma ta kwanta. Nan take na gaba ya zama amintacce.

"Ina za ku?" in ji mai keke.

"Galtimari," in ji Babagana.

Binta ta zaro ido. "Malam, ba Kasuwar…"

"Shhh!" Ya sunkuyo yana raɗa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ba a faɗa wa direba inda za ka na gaskiya. Ka ce masa wani wuri, ka sauka, ka ɓad da sawu, sannan ka ƙarasa da ƙafa."

"Daga Galtimari zuwa kasuwa da ƙafa?" in ji Agnes. "Hajja, wannan ba Masar zai kai ki ba, asibitin ƙashi zai kai ki."

Da jin sunan Galtimari sai Hajja ta ɗan karkatar da kai, ta dubi ɗan yayanta, ta shige keke ta gyara zama.

Matan suka cika baya, shi ya raɓa gefen direba da rabin ɗuwawu. Mai keke ya saci kallon kwat, ya saci kallon tudun ciki, ya ce, "Oga, lafiya dai ko?" Babagana ya kafe ido a titi, domin ba a hira da direba. Mai keke ya sake tambaya da Kanuri, shiru. Daga nan bawan Allah bai ƙara taka birki ba, ko rami ko tudu, har kwalbar yaji ta riƙa sukar Babagana a haƙarƙari. Tun kafin su shiga unguwar sosai ya tsaya ya ce nan ne iyakarsa. Suna sauka ya juya a guje, ko waiwaye babu.

"Kun gani?" in ji Babagana. "Ya gane ba a wasa da mu."

Ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya duba gabas ya duba yamma kamar mai sayen fili.

"Yanzu ku buɗe kunne. A baƙon gari, abin da za ka fara yi shi ne ka riƙe alama. Kun ga waccan darbejiyar? Ita ce alamarmu. In mun ɓata, nan za mu dawo."

"Malam," in ji Binta a hankali, "a garin nan akwai layin da babu darbejiya?"

"Wannan daban ce. Ba ki ga farin rago ɗaure a gindinta ba?"

"Ana jibi-jibin Salla," in ji Agnes, "ka riƙe rago a matsayin alama. Kai, Jamus ta yi asarar mutum."

"Sannan abu mafi girma," ya ɗaga yatsa, "ba gaisuwa, ba tambaya. A waje in ka gai da mutum, ka tona wa kanka asiri. In ka tambayi hanya kuwa, ka sayar da kanka. Ka ɗaure fuska, ka yi sauri, kamar gidan ubanka za ka."

Ya shige gaba suka bi shi. A gindin darbejiyar nan dattawa ne zaune a tabarma, ana ta jan carbi. Ɗaya daga cikinsu, tsoho mai farin gemu da zabira a gefensa, ya ɗago ya ce, "Wushe, wushe! Sannunku da rana."

Bakin Binta ya buɗe da kansa, don tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce babba ba ta rusuna ba. Babagana ya juyo ya watsa mata baƙin gilashi, ta haɗiye gaisuwar kamar ƙwayar magani. Agnes ta ɗan ɗaga hannu a ɓoye. Hajja kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska har hanci, ta wuce sumumu. Tsohon ya bi su da kallo, carbinsa ya tsaya.

Suka sha kwana, suka ƙara shan wata. Kowane layi darbejiya, kowace darbejiya rago, kowane rago fari. Babagana ya tsaya gaban wani ya ƙare masa kallo.

"Ba wannan ba ne. Namu ya fi hankali a fuska."

"Ka tambaye shi mana," in ji Agnes. "Ko shi ma ba a gai da shi?"

Ya ce su bi dama. Dama ta kai su bayan wani gida inda ruwan wanki ya taru, ƙafar da ta je Kamaru ta nutse har idon sawu. Ya ce da ma ya yi haka ne don ya nuna musu irin hanyar da ba a bi. Suka juyo, ya ce a waje hagu ake dubawa kafin a tsallaka, yana cikin duban hagu kurar mai ruwa ta fito ta dama ta daki kwalbar yaji. Mai ruwa ya ce, "Sannu, Alhaji, yi haƙuri." Babagana ya dafe ciki ya wuce, hawaye na bin ƙarƙashin gilashi, bai amsa ba.

Ba su ankara ba sai ga su gaban dattawan nan kuma. Tsohon ya sake cewa, "Wushe. Wa kuke nema ne?" Suka wuce. Suka zaga, suka bi wani lungu mai kama da na ɗazu, suka ɓullo, sai ga tabarma, ga dattawa, ga rago. Wannan karon ba wanda ya gai da su. Da suka ƙara zagayowa, babu tabarmar ma. Mai kankana ya tura bairo ya yi gaba. Wata mata ta leƙo ta fizge ɗanta daga ƙofa ta sa sakata. Layin da ke cike da hayaniya ya yi tsit, sai kukan rago.

Babagana ya ji daɗi har cikin ransa, duk da cewa gumi ya cika masa takalmi.

"Hajja, kin gani da idonki. Ko mutum ɗaya bai dame mu ba. Haka ake tafiya a waje."

"Ina gani," in ji Hajja daga cikin mayafi.

To, a nan dole a faɗi gaskiya. Garin nan ya ga abin da ya gani. Babu layin da ba a yi zaman makoki ba a shekarun baya, kuma mutane sun koyi kallon baƙo da ido biyu. Mutum ya sa kwat a wannan zafi, ciki ya kumbura, waya na lilo a ƙasa, a gai da shi ya ƙi amsawa, ya yi ta zaga layi ɗaya, to duk wanda ya ga laifin mutanen Galtimari bai san Maiduguri ba.

"Kai mai kwat! Tsaya nan inda kake!"

Samarin sintirin unguwa ne, riƙe da gora, sun tsaya can nesa bayan wata katanga. Shugabansu, wani dogo da ake kira Uwais, shi ke magana.

"Kada ku juya," Babagana ya raɗa. "A waje in an kira ka, ba kai ake nufi ba."

"Duk layin nan kai kaɗai ne mai kwat," in ji Agnes, ta tsaya cak ta ɗaga hannu. Binta ma ta tsaya. Hajja ta nemi dakalin wani gida ta zauna ta miƙe ƙafa. Babagana ya yi taku kaɗan shi kaɗai, ya ga ba mai bin sa, ya ga kuma wasu samarin sun tare gaba.

"Hannu sama! Mata ku matsa daga kusa da shi!"

Ya ɗaga hannu. Kwat ta ɗage, wutsiyar caja ta ƙara fitowa. A daidai nan cikinsa ya ɗauki ƙara yana rawa, girrr, girrr.

Abin da ya biyo baya, har yau ana ba da labarinsa a Galtimari. Samari suka zube ƙasa. Wani ya tsallake katangar da a ranar lafiya sai da tsani. Ragon ya tsinke igiya ya bi ta kan tiren mai goro. Shi kansa Babagana, da zafi ya gama dafa masa kai, ya manta abin da ya ɗaure da hannunsa, ya kurma ihu ya faɗi rigingine yana salati, ƙafafu sama.

"Wayar Hajja ce!" Binta ta ƙwalla. "Don Allah kada ku taɓa shi, wayar Hajja ce! Mijina ne, ba mugu ba ne, atisayen Masar yake yi!"

"Atisayen me?" in ji Uwais daga ƙasa.

"Ka bari kawai, ɗana," in ji Agnes. "Mu ma da muka taho tare ba mu gane ba."

Uwais ya ce ya tashi ya tuɓe, a hankali, daga inda yake. Rawanin ulu ya fara sauka, sai gilashi, sai kwat, wadda ta faɗi ƙasa tim kamar jiƙaƙƙen bargo. Aka ce ya cire riga. Aka ce ya kwance zanin. Ya kwance. Wayoyi suka zubo, tocilan ya gangara, kilishi ya faɗi, kwalbar yaji ta fashe, buta ta yi tsalle ta tsaya a gindinta. Iska ta kwashi yajin ta raba wa kowa. Ƙofofi suka fara buɗewa, mutane na fitowa suna atishawa suna dariya, irin dariyar wanda tsoro ya saka bai gama sakinsa ba. Babagana na tsaye daga shi sai wando, a tsakiyar layi, hannu sama.

"Kai wane ne? Daga ina?" in ji Uwais, ransa a ɓace. "Ka san saura kaɗan a fasa maka kai? An gai da kai ka ƙi amsawa!"

"Tsarin ƙasar waje ne," in ji Babagana. "Ba za ku gane ba. Ni na zaga duniya."

Tsohon nan mai zabira ya matso yana dogara sanda. Ya zaga bayan Babagana, ya ƙanƙance ido, ya sa yatsa a wani dogon tabo da ke kafaɗarsa.

"Wannan tabon na san shi," ya ce. "Kai, ba ɗan marigayi Modu ba ne? Babagana? Ni ne Ba Ajimi wanzami. Ranar da na zo yi maka kaciya ka kufce ka haye wannan darbejiyar, reshe ya karye da kai. Sai da na ɗinke kafaɗa sannan na yi aikin da ya kawo ni. Ga gidanku can mai shuɗiyar ƙofa, nan aka binne cibiyarka kafin ubanka ya koma Moduganari. Yau kai ne za ka wuce ni ina ce maka wushe kana ɗaure mini fuska?"

Layi ya ɗauki shewa. Wata tsohuwa ta ce ita ta tuna ihun da ya yi ranar, ta ce bai canza ba.

Sai a lokacin Hajja Yagana ta sauke mayafi ta miƙe. Ta rusuna gaban Ba Ajimi ta gai da shi da Kanuri, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi jiki, ta tambayi zafi, ta tambayi waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Ta juya ta ba dattawa haƙuri, ta ba samari haƙuri, ta ce laifinta ne da ta bari abin ya kai haka.

"Hajja," in ji Babagana, "da ma kin san inda muke?"

"A layin nan na yi 'yan matancina. Tun da muka sauka nake kallon ƙofar gidanmu, kana zaga ni da ita kamar jakin niƙa."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a cikin ƙasa. Uwais ya ɗauka ya karkaɗe yaji ya miƙa mata. Hajja ba ta iya waya a kunne ba, kullum a bayyane take sa ta, don haka duk Galtimari ta ji muryar Mikail.

"Hajja, tun ɗazu nake kira. Yau nake so in miƙa sunan mai raka ki, in ba haka ba takardu ba za su fito a kan lokaci ba. Sunan Yaya Babagana zan sa?"

"Riƙe, kada ka kashe," in ji Hajja.

Ta dubi ɗan yayanta, wanda ke ƙoƙarin rufe ƙirji da zanin matarsa.

"Babagana, saurara da kyau. Labarin Jamus da Istanbul bai dame ni ba. Na san gadar Gamboru, na san wace ƙafa ce ta ƙetare, ubanka ya ba ni labari muna dariya. Ba wanda ya san Masar nake nema ba, ni ma ban san ta ba. Wanda in mun ɓata zai buɗe baki nake nema. Ga mutane nan cike da layi. Ka gai da Ba Ajimi, ka ce masa, ban san hanyar gida ba, a nuna mini. Ka faɗa kowa ya ji, in ce wa Mikail ya rubuta sunanka yanzun nan."

Binta ta haɗa hannu tana roƙonsa da ido. Agnes ma, da bakinta bai huta ba tun safe, ta ce a hankali, "Faɗi mana, Baban Rumaisa'u. Ba ciwo."

Babagana ya ɗaga kai. Can sama wani jirgi ya ratsa, ƙarami, yana ƙyalli, ya bi shi da ido har ya shige gajimare. Ya dubi Ba Ajimi. Ya buɗe baki, kalmar ta taso har maƙogwaro. Sai ya ga idanun jama'a, ya tuna gobe labari zai kai Moduganari, a ce mutumin da ya nuna wa Balarabe hanya a Jidda ya roƙi hanyar gidansa.

"Haba Hajja," ya ce, yana gyara zani a kafaɗa kamar alkyabba. "Ai gwada ku nake yi. Hanya ai ga ta nan."

Ya miƙa hannu da ƙarfi, ya nuna, ya kama tafiya.

"Malam, nan hanyar Bama ce!" in ji Uwais.

"Ku ƙyale shi," in ji Agnes. "In ya miƙe bai tsaya ba, Kamaru zai ɓulla. Ƙafar hagu ma ta samu rabonta."

Kafin dariya ta lafa, Binta ta riga ta shiga gidan da ke kusa da sallama, ta fito da kofin ruwan sanyi ta ba Hajja, ta kuma gano cewa surukin matar gidan yana da keke, yanzu zai zo ya kai su har ƙofa. Ta ma samo sunan mai gyaran ƙafa, ko da Hajja za ta buƙata. Hajja ta sha ruwa, ta goge baki, ta ɗaga waya.

"Mikail, kana ji? Rubuta Binta."

A keke suka tsinto Babagana can gaba, yana tsaye gaban wata darbejiya yana duban wani farin rago. Ya raɓa gefen direba. Kwat ɗin kuwa Ba Ajimi ya riƙe, ya ce za ta yi wa akuyarsa shimfiɗa in ta haihu.

Bayan Salla da 'yan makonni Hajja da Binta suka tafi, suka dawo da turare da hotuna, Binta a kan raƙumi tana dariya, dala a bayanta. Ta ce mutanen can akwai gaisuwa, ka yi sallama ɗaya su amsa maka da goma, in ka tambayi hanya ma wani sai ya bar shagonsa ya raka ka.

"Sun lalace ke nan," in ji Babagana. "A zamaninmu ba haka suke ba."

Ya cire takardar jirgin da ke jikin jakarta ya rataye a ƙofar shago, inda kowa zai gani. Ranar nan Agnes ta zo wucewa ta ji yana gaya wa wani mai saye cewa gidansu gidan tafiye-tafiye ne.

"Ƙafata ta je Kamaru, iyalina ta je Masar," yake cewa. "Ka gaya mini, me ya rage?"

"Kai," in ji Agnes, ta wuce abinta.